Ɗarin Adar: kwana huɗu a kwarin Majiya

  

Kowace shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na taso mana daga arewa maso gabas. Tana ratso hamada, ta kwaso ƙura daga wani ƙaton kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, ta zo ta rufe mana rana da hazo. Da tsakar rana zafi na iya kai digiri 30, amma kafin asuba sai ya sauko ƙasa da 15, wani daren ma ya kusa 10. Can arewa, bisa duwatsun Abzin, akwai daren da ruwa ke daskarewa. Mutanen birni kan ce ai ɗarin ƙasarmu ba wani abu ba ne, wata biyu ne ya wuce. Mai ɗakin siminti da bargo biyu yana iya faɗin haka. A ƙauye lissafin daban yake: cikin watannin nan ne tari ke kama ɗiya ƙanana, gobara ke cin rumbu, ƴan awaki ke mutuwa cikin dare, kuma cikinsu ne maza da yawa ba su gida.

Shi ya sa da matan wani ƙauye na kwarin Majiya, kusa da Buza, sunka gayyace mu ziyara, munka ce a sa ta cikin Janairu, tsakiyar ɗari, don mu ga yadda suke fama da shi. Gani ya kori ji. Mu goma sha ɗaya munka tafi, daga ƙungiyoyi uku na yankin Maraɗi. Ga abin da munka gano.

Hanya

Munka bar tasha bayan sallar asuba, kowace ta naɗe kai da mayafi har ido kaɗai ake gani. Bakin hanya duk wuta ce ƙanana: masu shayi, ƴan kabu-kabu, da almajirai sun yi da'ira suna ƙona kara suna miƙa hannu. Munka wuce Tsibiri da Gidan Rumji rana ba ta fito ba. Da ta fito ma, fara fat take kamar faranti, kana iya kallonta ido ba ya zafi.

Gonaki sun zama fili, an kwashe hatsi, an tattara kara. Abin da ya rage kore shi ne gawo. Kun san halinshi, da damana yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo, shi ya sa hatsi ke yin kyau ƙarƙashinshi, kuma ƴaƴanshi ke ciyar da bisashe lokacin da ciyawa ta ƙare. Tsakanin gawon kuma ga sabara da kalgo da anka bari sunka tashi daga kututture. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga yankinmu na Maraɗi tun shekarun 1980. Manyanmu da ke cikin motar sun tuna lokacin da filayen nan ba su da ko inuwar ɗaure jaki, mace ta yini biɗar icce.

A Madawa munka tsaya karin kumallo. Garin yana bakin kwarin Tarka, kuma bayan doguwar tafiya cikin ƙura sai ido ya faɗa bisa fadamar albasa, kore shar. Madawa ta yi suna da tabarmin kaba, munka sayi biyu don kai tsaraba. Daga nan munka bar babbar hanyar da ke zuwa Galmi da Ƙonni, munka yi arewa.

Ba a jima ba ƙasa ta sake. Rairayin da munka saba da shi ya ƙare, sai jar ƙasa da baƙin dutse, tudu mai shimfiɗaɗɗen kai sannan kwari, tudu sannan kwari. Adar ke nan. Bisa tudun babu abin da ke tare iska, har motar muna jin tana tura ta gefe. Garuruwan na gindin duwatsu, launinsu ɗaya da ƙasar, sai ka zo kusa kake gane gari ne, da manyan rumbunan laka masu ƙaton ciki, wasu sun fi ɗakin kwana tsawo. Bayan Buza munka gangara kwarin, munka iso da la'asar.

Garin da mata ke riƙo

Matan ƙungiya sunka tarbe mu bakin gari da guɗa. Uwar ƙungiyar, dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, ta kama hannun kowace ɗaya tana sannu da hanya, ta ce mu shiga daga ciki kafin rana ta faɗi, don ɗarin kwari ba ya sallama.

Abin da munka fara lura da shi, gari ne na mata da yara da tsofaffi. Adarawa sun daɗe da sanin tafiya biɗa. Da an ida girbi sai samari da magidanta su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, sai gab da damana a ga wasunsu. Masu garkar albasa ne ke zama. Saboda haka duk abin da ɗari zai kawo, bango ne ya tsage, jariri ne ya kwana tari, akuya ce ta haihu tsakar dare, mace ce ke tsaye a kai. Matan yankin nan ba baƙin aiki ba ne. A Keita, maƙwabtansu, lokacin da anka fara babban aikin raya ƙasa a 1984 da taimakon ƙasar Italiya, mata ne sunka fi yawa wajen ɗaukar dutse da haƙar ramukan dashe bisa tuddai.

Inna ta yi gaskiya. Da rana ta faɗi sai munka ji sanyi na sauka kamar ana zuba shi. Dalili kuwa, iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare sai ta gangaro daga tuddai ta kwanta cikin kwari. Shi ya sa mai gida kusa da fadama ya fi mai gida a gangaren dutse shan ɗarin asuba, shi kuma na sama ya fi shan iska.

Ɗakin da munka kwana

An raba mu gida uku. Namu ɗakin na laka ne, bango mai kauri, rufin ƙasa bisa azara. Mun shiga da fargaba, amma munka iske shi da ɗumi kamar an kwana ciki. Laka tana shan zafin rana a hankali, da dare ta riƙa sakin shi a hankali. Ƴan uwanmu da anka kai ɗakin kwano sun ba da wani labari da safe: kwano da rana ta faɗi yake hucewa, sanyi ya riƙa sauko musu daga sama. Mai gidan ta rage abin da shimfiɗa tsofaffin tabarmi da buhuna ƙarƙashin kwanon, ta ɗaure da igiya, sannan ta jera kara a bisanshi ta danne da dutse.

Munka zagaya gidan da safe muna kallo. Ƙofar ɗaki na duban yamma. Munka tambaya, anka ce haka kakanni ke yi, don ruwan damana daga gabas yake bugowa, iskar ɗari ma daga wannan ɓangare take. Bangon arewa da na gabas an yi musu sabon yaɓe. Inna ta ce tun kaka suke yin shi, lokacin da tabki bai ƙafe ba kuma ga ƙaiƙayi a masussuka, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, iska ma haka. Ba sa jiran maza. Mata biyar ko shida ke haɗuwa, yau gidan wannan, gobe gidan waccan, mai gida ta dama fura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A bakin ƙofa akwai asabari, bayanshi kuma tsohon bargo an rataye. Ba wanda ke kwana a ƙasa tsirara: ko gadon kara, ko a shimfiɗa kara da buhu kafin tabarma, saboda ƙasa na jan ɗumin jiki fiye da yadda muke zato. Yara kuwa a haɗe ake kwantar da su, ƙanana a tsakiya, kowa da hula da safa.

Wuta: abokiya ce, amma a sa mata ido

Daren farko munka ga wata ɗabi'a da ta ba mu sha'awa. Bayan magariba an shigo da kaskon garwashi, ɗaki ya yi ɗumi, munka sha hira. Da lokacin kwana ya yi sai mai ɗakin ta ce wa ɗiyarta ta fitar da shi tsakar gida ta rufe da toka. Ɗaya daga cikinmu ta ce, haba ƴar uwa, yanzu ne ma ake buƙatarshi. Sai ta nuna mana wata ƴar taga can sama a bangon kudu, wadda ba a toshe ba duk da ɗarin, ta ce ita da kaskon doka ɗaya ce a gidan: wuta ba ta kwana ɗaki, taga ba ta rufuwa.

Ƴan uwa, wannan magana a riƙe ta da kyau. Gawayi ko garwashi in yana ci cikin rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan sai barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Jariri da mai ciki da tsoho su ta fi saurin kamawa. In kun tashi da safe duk ɗakin na ciwon kai, ku tuhumi kaskon. In an iske wani ya galabaita, a fitar da shi sarari nan take, a buɗe ƙofa, a kai shi likita. Gadon ƙasa da ake sa wa wuta don mai jego ko tsohuwa shi ma dokar ɗaya ce.

Sai gobara. A bayan garin an nuna mana wani fili baƙi, inda gidaje uku da rumbu biyu sunka ƙone bara. Wuta ce da anka bari a murhu, iskar dare ta ɗauki tartsatsi ta kai bisa danni. Cikin hunturu kome a bushe yake, kuma rijiya na nesa. Ba a rasa rai ba, alhamdulillahi, amma hatsin shekara ya tafi. Mu mutanen Maraɗi ba sai an faɗa mana saurin wuta cikin zana ba, ba mu manta da yaran lakwal da sunka rasu cikin azuzuwan zana a watan Nuwamba na 2021 ba. Allah ya jiƙansu.

Tun daga gobarar bara matan garin sunka yi shawara tsakaninsu. An matsar da harawa da tarin kara nesa da madafa. Kowane murhu an yi mashi ɗan katanga na laka ta ɓangaren iska. Da dama sun gina murhun laka irin wanda ake kira Albarka, wanda ke rufe wuta ya bar ƙofa ɗaya, ga rage cin icce ga hana tartsatsi. Kowane gida na kwana da bido biyu cike da ruwa da tulin rairayi kusa. Kuma bayan isha'i mata biyu ke zagaya unguwa da tocila suna sallama suna tambaya ko an kashe wuta. Ba mai jin haushi, don kowa ya ga filin nan baƙi.

Wani abu kuma: yara na matsowa jikin wuta da safe, kuma yawancin kayan gwanjo na yanzu masu roba ne, da sun kama sai su narke a fata. In yaro ya ƙone, a zuba ruwa mai tsabta mai sanyi bisa wurin kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi likita. Kada a shafa ƙwai ko man goge haƙori ko toka.

Daren da anka ƙirga numfashi

Dare na biyu, muna shirin kwana, wata yarinya ta yi sallama ta ce innarta na kiran matar da ke taimaka wa likita a garin, ƙaninta ba lafiya. Matar tana cikin masu masaukinmu, sai biyu daga cikinmu sunka raka ta.

Yaro ne ɗan wata takwas, kwana uku yana mura da tari, ranar kuma ya rage kama nono. Matar ta sa uwar ta rungume shi har ya natsu, ta ɗaga rigarshi, ta ba ɗaya daga cikinmu salula ta ce ta duba minti ɗaya cif. Ta ƙirga tashin ƙirjin, ta samu 58. Ta sake, kusan haka. Ta ce wa uwar, ƙanwata, wannan ya wuce mura, tashi mu tafi. Kakar yaron ta so a bari sai rana ta fito saboda ɗari, amma anka lallashe ta. Uwar ta sa yaron cikin ƙirjinta fata da fata, anka naɗe su da bargo, wani dattijo mai babur ya kai su gidan likita. Can anka ce ciwon huhu ne, anka ba shi magani. Ranar da za mu taso mun leƙa, munka iske shi yana shan nono.

Ga ƙirgan, ku rubuta shi a bangon littafin ƙungiya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. In kuma ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan numfashi, ko ya kasa sha, ko yana suma, ba a jira gari ya waye. Tun 2006 dokar ƙasarmu ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a likitar gwamnati kyauta ne. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu su ke raunana ƙirjin yara, don haka mai goyo ta rage zama cikin hayaƙi da ɗa a baya.

Matar ta ƙara tuna mana cewa bayan ɗari, in zafi ya fara shigowa ga ƙura ba ta tafi ba, lokacin sanƙarau da ƙyanda ke nan. Da yawanmu mun tuna annobar sanƙarau ta 2015. A duba katin rigakafin kowane yaro tun yanzu. Jaririn da anka haifa cikin ɗari kuma, a goge shi, a sa mashi hula, a ɗora shi ƙirjin uwa, wanka ya jira aƙalla kwana ɗaya.

Abinci, ruwa da bisashe

Ba a fita da cikin wofi a garin nan. Tun da duhu ake dama kunu mai citta da kanumfari da masoro, yara su sha kafin su tafi lakwal ko makarantar allo. Da dare tuwo da miyar kuka mai gabu, wato busasshen ganyen albasa da matan ke dakawa su dunƙula su ajiye, su ci kuma su sayar. An ba mu dafaffen dankali da rogo da wake. Jikin da ke yaƙi da sanyi ya fi cin abinci, shi ya sa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ake bin ta da kwano.

Ɗibar ruwa sun mai da ita da hantsi da la'asar, ba da asuba ba. Wankan yara da azahar ake yi, bayan zana, da ruwan da anka bari cikin bido a rana tun safe, ya yi ɗumi ba a ƙona ko kara ɗaya ba. Ana gamawa a shafe su da man kaɗe ko basilin, har dunduniya da leɓe da ɗan bakin hanci, saboda faso da haɓo. Kuma suna tuna wa yara shan ruwa, don cikin ɗari ba a jin ƙishirwa alhali iska na busar da jiki.

Bisashe ma an yi musu shiri. Garken awaki na da zana ta arewa da gabas, ƙasan an zuba ƙaiƙayi. Ƴan awakin da anka haifa sabo ana kife su da babban kwando a zaure da dare. Kaji kuwa, kun san cutar nan da ke share su duk hunturu, wata kaza ta karkace wuya, gobe akurki ya zama wofi. Tana da allurar rigakafi, kuma kafin ɗari ya shigo ake yin ta. Matan kan tara kajin unguwa rana ɗaya su kira ma'aikacin dabbobi, kuɗin ya zo da sauƙi.

Layukan bedi

Rana ta uku anka kai mu cikin kwarin mu ga abin da Majiya ta yi suna da shi. Tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman kwarin sunka fara dasa bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, layi biyu-biyu a gicciye da hanyar iska, tsakanin wannan jeri da wancan kamar mita 100. An ci gaba shekara da shekaru har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Kafin nan iska na kwashe ƙasar gona da rani, ta kuma binne shuka da farkon damana.

Munka tsaya a fili, iska na fizgar mayafi, ƙura na shiga haƙori. Munka taka munka shiga bayan jerin, sai ka ce an rufe ƙofa. Wani dattijo da ke aiki a wurin ya bayyana mana cewa jerin itace na kare fili har kamar ninki goma na tsawonshi. Kuma wanda iska ke ɗan ratsawa ya fi toshasshe, don toshasshe iska na tsallake shi ta faɗo da ƙarfi a baya. Nan munka gane dalilin da ya sa zana ke yi wa tsakar gida amfani haka. Ya ce bedin na da nashi laifi, hatsin da ke gindinshi ba ya yin kyau, amma sauran gonar na ramawa, ga icce da sanduna in an yi sassabe bisa ƙa'ida. Mun ga wuraren da jerin ya yi giɓi, an sare ba a maye ba, kuma ta nan iska ke kwararowa kamar ruwa ya samu kafa.

Ƙasa da nan sai garake. Albasa, kabeji, salati, tumatir, duk cikin ɗari suke jin daɗi. Noman rani ya ƙara ƙarfi a ƙasarmu bayan farin 1984, kuma yau albasar Galmi har ƙasashen bakin teku ake kai ta. Masu ban ruwa na shiga aiki da sassafe, ƙafa cikin ruwan sanyi, hannu duk ya tsage. Duk da haka ba mu ji mai zagin ɗari ba a garkar. Wata mata ta yi dariya ta ce ɗarin da ke hana ta barci shi ke cika mata rudu, wato rumbun da suke ajiye albasa.

Abin da munka zo da shi

Daren ƙarshe munka zauna da ƙungiyarsu, sunka nuna mana littafinsu. Suna da wani ɗan asusu na gefe da suke kira na ɗari, kowace na zuba dala 20 a mako tun daga damana. Cikin Oktoba, kafin kayan sanyi su yi tsada, ake aika mata biyu kasuwa su sayo barguna da rigunan yara da huluna a dunƙule. Abin da ya saura ana ajiye shi don kuɗin babur in an tashi kai marar lafiya da dare. Kuɗin man da ya kai yaron nan likita daga nan ya fito. Kafin a raba kayan kuma sai an fara lissafa gidajen da ba su da mai kawowa: gwauruwa, tsohuwa, matar da mijinta ya daɗe bai aiko ba.

Da munka kama hanyar gida munka yi ta maimaita abin da munka gani, sai munka lura kusan duk abin da ke kare gidajen nan an yi shi ne tun ɗari bai zo ba. Yaɓe da kaka, zana da kaka, bargo a Oktoba, allurar kaji kafin iska ta juya, itacen kuwa wasu tun kafin a haife mu anka dasa. Kuma babu ko ɗaya da mace ta yi ita kaɗai.

Ɗarin bana bai ƙare ba, don haka akwai abin da kowace ƙungiya za ta iya yi a taron wannan mako. A tambayi kowace mace ko wuta na kwana ɗakinta. A koya wa juna ƙirga numfashi da salula. A san gidan da babu bargo a unguwa. A san mai babur ko mai amalanken da za a tasa da dare. Sauran kuma, na yaɓe da asusun ɗari da dashen itace ta arewa da gabashin gida, a rubuta su a littafi da watan da za a yi kowane, don kada zafin bazara ya mantar da mu.

Muna godiya ga Inna da matan Majiya bisa karamcin da sunka yi mana, da gabun da sunka cika mana jaka. Mun gayyace su su zo Maraɗi da kaka su ga namu sassaben. Ƴan uwa na Damagaram da Tawa da Yamai, ku ma ku aiko da dubarun garuruwanku, mu ƙaru da juna.

Allah ya tsare mana ɗiyanmu, ya kiyaye mu daga gobara, ya maido da matafiyanmu lafiya. Amin.